Tsofaffi da Nakasassun Abuja: Batun Gidajen Haya Daidai da Samun Mutum

ABUJA: A ranar 12 ga watan Disamba na shekarar 1991 ne Shugaban Ƙasa na mulkin soja, Janar Ibrahim Babangida, ya dawo da fadar Gwamnatin Tarayya daga Legas zuwa Abuja. Dubban ma'aikata suka biyo baya tare da iyalansu, akasarinsu matasa majiya ƙarfi, tun daga masinja da direba da akawu har zuwa manyan jami'ai. Bisa ƙa'idar aikin gwamnati, ma'aikaci yakan yi ritaya idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko kuma shekara 35 a bakin aiki. Ke nan duk wanda ya kama aiki a shekarar da aka yi ƙaura, to a 2026 wa'adinsa ya cika.

Birnin da matasa suka raya ya soma tara tsofaffi, kuma da yawansu ba su mallaki ko ɗaki guda a cikinsa ba. Haka nan akwai dubban nakasassu, waɗanda a yanzu aka fi kira masu buƙata ta musamman, da ke neman abinci a birnin da kewayensa. Abin da ya haɗa waɗannan rukunoni biyu shi ne ƙarancin abin hannu, da rashin banki mai yarda ya ba su rancen sayen gida, da kuma buƙatar gini mai sauƙin shiga da fita. A wasu ƙasashe an magance wannan matsala ta hanyar gina gidajen haya waɗanda ake yanka kuɗinsu gwargwadon abin da mutum ke samu a wata. A Abuja har yanzu babu tsayayyen tsarin gwamnati irin wannan, alhali masu buƙatarsa sai ƙaruwa suke yi kowace shekara.

Yadda gidajen gwamnati suka fita daga hannunta

An kafa Babban Birnin Tarayya ne da Dokar Soja mai lamba 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, a zamanin Janar Murtala Ramat Muhammed, kuma dokar ta danƙa dukkan filayen yankin a hannun Gwamnatin Tarayya. Taswirar birnin da aka kammala a 1979 ta yi hasashen mutane miliyan 1.6 nan da shekarar 2000. An tsara shi a matsayin wurin aiki, bisa zaton cewa wanda ya gama aikinsa zai tattara nasa ya nasa ya koma garinsu. Don haka aka gina wa ma'aikata gidaje a Garki da Wuse da Kubwa da Nyanya da Karu, daga baya kuma Hukumar Gidaje ta Tarayya, wato FHA, ta gina rukunin gidajen Gwarinpa a zamanin Janar Sani Abacha.

A shekarar 2003 gwamnatin Cif Olusegun Obasanjo ta ɓullo da manufar biyan ma'aikata kuɗi a madadin ba su gida da mota. Daga 2005, lokacin da Malam Nasiru El-Rufa'i ke Ministan Abuja, aka shiga sayar da dubban gidajen gwamnati, inda aka ba ma'aikatan da ke zaune a ciki damar farko ta saye. Waɗanda suka iya haɗa kuɗin sun dace, domin darajar gidajen ta ninka sau da dama tun daga lokacin. Waɗanda suka kasa, da kuma duk waɗanda aka ɗauka aiki daga baya, sai suka koma hannun masu gidajen haya. A cikin shekarun nan ne kuma aka rushe unguwannin masu ƙaramin ƙarfi irin su Idu-Karmo da Chika da Aleita, abin da ya tura jama'a masu yawa zuwa Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a Jihar Neja.

Sakamakon haka, gwamnati ta daina zama mai gidan haya a birninta. Kasuwar da ta rage kuwa sharuɗɗanta masu tsauri ne: biyan kuɗin shekara guda ko biyu a dunƙule, da ladan dillali, da kuɗin lauya, da kuɗin ajiya saboda ɓarna. A 2022 Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin da ya nemi a mayar da biyan haya wata-wata a Abuja, har ya tsallake karatu na biyu a Majalisar Dattawa, amma bai zama doka ba. Ɗan fansho dai wata-wata ake biyansa, mai gida kuwa shekara yake nema.

Rancen gida da shekarun mai nema

Tun daga gidajen Shagari na farkon shekarun 1980, zuwa manufar gidaje ta ƙasa ta 1991 mai taken samar da gida ga kowa nan da shekarar 2000, zuwa shirin gidaje 121,000 na 1994 lokacin da Alhaji Lateef Jakande ke Ministan Ayyuka da Gidaje, kusan dukkan shirye-shiryen Gwamnatin Tarayya sun karkata ne ga ginawa da sayarwa. Ginshiƙin wannan tsari shi ne Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda Dokar Soja mai lamba 3 ta 1992 ta kafa a ƙarƙashin kulawar Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya. Ana cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata, shi kuma ya cancanci rance da kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100, wanda za a iya biya har tsawon shekara 30. Wata doka da aka sanya wa hannu a farkon 2023 ta mayar da zubin ya zama na ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Wannan rance yana da sauƙi, sai dai wa'adin biya ya danganta da shekarun mai nema. Alal misali, rancen Naira miliyan 10 a kan kashi 6 cikin 100, idan aka shimfiɗa shi a shekara 30, zai kama kimanin Naira 60,000 a wata. Idan kuwa mai nema ɗan shekara 55 ne wanda shekara biyar kawai ta rage masa a aiki, to biyan wata zai haura Naira 190,000. A bankin kasuwanci, a kan kashi 25 cikin 100 na tsawon shekara 10, zai haura Naira 225,000. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a watan Yulin 2024 kuwa Naira 70,000 ne.

A watan Satumba na 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar cire har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ta fansho domin biyan kuɗin farko na gida. Amma ƙa'idar ba ta shafi wanda ya riga ya yi ritaya ba, haka nan wanda ƙasa da shekara uku ta rage masa. Ita ma sabuwar dokar haraji da ta soma aiki a watan Janairun 2026 ta yi rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara, iyaka Naira 500,000, daga abin da ake yanka wa mutum haraji a kai. Wannan ya amfani mai albashi, amma bai ƙara wa ɗan fansho komai ba tunda dama ba a cire haraji a fansho. Nakasasshen da ke sana'ar hannu ko ƙaramar tireda, wanda ba shi da takardar albashi, shi ma da wuya waɗannan ƙofofi su buɗe masa.

Karonmajigi da Yangoji

Wanda ya bi hanyar filin jirgin sama daga ƙofar shiga birni, ba da nisa ba zai tarar da Karonmajigi, inda hukumar Abuja ta tsugunar da nakasassu a 2006 bayan ta hana bara a titunan birnin. Ɗaruruwan makafi da guragu da kutare ne ke zaune a unguwar tare da iyalansu, akasarinsu 'yan Arewa, kuma suna da sarakunansu kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa. A daidai wannan lokaci aka tsugunar da masu fama da cutar kuturta a Yangoji da ke Ƙaramar Hukumar Kwali, a kan hanyar Lokoja. Akwai kuma cibiyar koyar da sana'o'i da hukumar Abuja ke gudanarwa a Kuchiko ta yankin Bwari.

Waɗannan wurare su ne mafi kusa da abin da za a kira gidajen nakasassu a Abuja, kuma darasin da ke cikinsu a bayyane yake. An ba mutane wurin kwana, amma ba a haɗa musu da wata madogara ta kuɗi da za ta riƙa gyaran ɗakuna da magudanan ruwa da hanyoyi ba. Kafofin watsa labarai sun sha kawo rahoton cunkoso da lalacewar gine-gine a Karonmajigi, kuma galibin taimakon da mazauna ke samu daga ƙungiyoyin agaji da masu hannu da shuni yake zuwa, musamman a watan azumi da lokutan bukukuwa. Buhun shinkafa yana maganin yunwar mako, amma rufin da ke yoyo sai da kuɗin da ke shigowa a kai a kai.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 16 na Tsarin Mulkin 1999 ya umarci gwamnati ta karkata manufofinta wajen samar wa 'yan ƙasa matsuguni da kulawar tsufa da fansho da jin daɗin nakasassu. Sai dai sashen yana cikin babi na biyu ne, wanda ba a iya kai gwamnati ƙara a kansa.

A watan Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan dokar haramta nuna wa nakasassu bambanci. Dokar ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen da jama'a ke shiga yadda mai keken guragu da makaho za su iya amfani da su, wa'adin da ya cika a watan Janairun 2024. Ta kuma hana jami'i amincewa da zanen ginin jama'a da ya saɓa wa ƙa'idar gini, ta ware wa nakasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, sannan ta ce duk inda gwamnati ko ma'aikata ko makaranta ke raba masauki, to a fara duba nakasassu. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Nakasassu ta Ƙasa domin aiwatar da ita.

Ta fuskar tsofaffi kuma, an sanya hannu a kan dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a farkon 2018, cibiyar ta soma aiki a 2021, shekarar da Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince da manufar ƙasa a kan tsufa. Dokoki da hukumomi dai sun samu. Abin da babu ɗayansu da ya tanada shi ne wanda zai biya giɓin da ke tsakanin kuɗin gina gida da abin da tsoho ko nakasasshe zai iya biya.

Yadda ake yi a wasu ƙasashe

A Amurka, dokar gidaje ta 1959 ta ƙirƙiro shirin da aka sani da Sashe na 202 domin masu shekara 62 zuwa sama, sannan dokar 1990 ta ware Sashe na 811 domin nakasassu manya. Daga 1990 gwamnati takan ba ƙungiyar da ba ta neman riba jarin gini ba tare da kuɗin ruwa ba, kuma ba a neman a mayar muddin gidajen suka ci gaba da zama na masu ƙaramin ƙarfi har tsawon shekara 40. Ɗan haya yakan biya kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu bayan an cire wasu larurori kamar kuɗin magani, gwamnati kuma ta cika ragowar kuɗin tafiyar da gidan. Wanda samunsa ya wuce rabin matsakaicin samun mutanen yankinsa ba ya shiga. Tun 1986 kuma ƙasar ke yi wa masu zuba jari a gidajen masu ƙaramin ƙarfi rangwamen haraji na tsawon shekara 10. Duk da haka masu nema sun fi gidajen yawa, har mutum yakan shekara da shekaru yana jiran layi.

A Singafo, hukumar gidaje ta ɓullo da wani tsari a 2015 wanda ya ba mai shekara 55 zuwa sama damar sayen zama na wa'adi a ƙaramin gida, daga shekara 15 zuwa 45, a farashi mai rahusa, da sharaɗin wa'adin ya kai shi shekara 95 da haihuwa. Idan wa'adi ya ƙare gidan ya koma hannun hukuma a ba wani. Wannan dabara za ta iya dacewa da ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama a dunƙule, wanda ba su isa sayen gida ba amma sun isa sayen zaman shekara 20.

Lissafin ɗan kasuwa

Tambayar da mai zuba jari zai fara yi ita ce ko harkar za ta mayar da kuɗinta. A 2024 Ministan Gidaje na lokacin, Ahmed Musa Dangiwa, ya bayyana cewa gida mai ɗakin kwana ɗaya da aka gina da kuɗin kasafi yana kamawa Naira miliyan 8 zuwa 9, amma irinsa da 'yan kasuwa suka gina da rancen banki da filin da suka saya yana kai wa Naira miliyan 22. A watan Fabrairun shekarar ne Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aza harsashin rukunin gidaje 3,112 a Karsana da ke Abuja bisa haɗin gwiwa da 'yan kasuwa. A daidai lokacin buhun siminti ya haura Naira 10,000 a kasuwanni da dama, sannan kafin ƙarshen shekarar Babban Bankin Nijeriya ya ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin 100.

A ɗauka an gina ciki da falo a kan Naira miliyan 10. Ɗan kasuwar da ke neman ribar kashi 15 cikin 100 a shekara sai ya karɓi Naira miliyan 1.5. Ɗan fanshon da ke karɓar Naira 50,000 a wata, idan aka yanka masa kashi 30 cikin 100, zai biya Naira 15,000 a wata, wato Naira 180,000 a shekara. Giɓin ya haura Naira miliyan 1.3 a kan kowane gida, kowace shekara. Idan kuma aka ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin ginin domin gyare-gyare, Naira 200,000 ke nan, wanda ya ɗara abin da ɗan hayan ya biya.

Wannan lissafi ya nuna cewa hayar da aka yanka bisa samun mutum, iyakar abin da za ta iya shi ne riƙe gidan kada ya lalace. Ba za ta biya kuɗin fili ba, ba za ta mayar da jarin gini ba, balle kuɗin ruwan banki. Saboda haka duk shirin da aka ɗora a kan rancen kasuwa, komai kyawun sunansa, a hannun masu hali zai ƙare. Fili da jari dole su fito daga inda ba a jiran a mayar da su da riba, sa'annan 'yan kasuwa su shigo ta fuskar gini da sayar da kayan aiki da kula da gidajen bisa kwangila.

Inda kuɗin zai iya fitowa

Ta fuskar fili, Abuja ta fi kowace jiha sauƙi, domin ikon raba shi a hannun Ministan Birnin Tarayya yake. Tun shekarar 2000 hukumar ke ba kamfanoni manyan filaye domin gina rukunin gidaje. Da za a gindaya sharaɗin cewa duk wanda aka ba irin wannan fili sai ya ware wani kaso na gidajen ƙasa domin tsofaffi da nakasassu, to da kuɗin gidajen masu hali ya ɗauki nauyin na marasa hali ba tare da an taɓa baitulmali ba. Akwai kuma kadarorin da kotu ta ƙwace. A watan Disamban 2024 kotu ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya wani rukuni mai gidaje 753 a Lokogoma bisa ƙarar hukumar EFCC, aka miƙa shi ga Ma'aikatar Gidaje a 2025. Manyan gidaje ne da ba su dace da tsoho mai sanda ba, amma wani kaso na kuɗin sayar da irinsu zai gina ɗaruruwan ƙananan gidaje.

Ta fuskar jari, kuɗin fansho da kamfanoni ke juyawa a ƙarƙashin dokar 2004 da ta 2014 ya haura Naira tiriliyan 22 a ƙarshen 2024, kuma fiye da rabinsa a takardun lamunin Gwamnatin Tarayya yake. Kuɗin amana ne da ba za a bayar kyauta ba, amma za a iya ranto shi na dogon wa'adi idan gwamnati ta tsaya wa rancen. Kamfanin Family Homes Funds, mallakar Ma'aikatar Kuɗi da hukumar zuba jarin ƙasa, ya tara Naira biliyan 10 ta hanyar Sukuk a 2021, abin da ya nuna cewa masu ƙyamar kuɗin ruwa ma za su iya shiga harkar gidaje. Haka nan a 2019 gwamnati ta fito da tsarin da kamfani zai gina hanya a cire masa kuɗin daga harajinsa, wanda ta nan ne Dangote ya gina hanyar Apapa zuwa Oworonshoki a Legas. Irin wannan rangwame ne Amurka ke yi wa masu gina gidajen masu ƙaramin ƙarfi.

Hanyar da ta fi kusa da attajiran ƙasar Hausa kuwa ita ce wakafi. Mai wakafi yakan tsayar da dukiya yadda ba a sayar da ita ba a gadonta, amfaninta kuma ya riƙa tafiya ga waɗanda ya ambata. Jihohi irin su Sakkwato da Zamfara suna da hukumomin zakka da wakafi. Idan aka gina gidaje 50 tare da jerin shaguna a bakin titi, aka yi wakafinsu gaba ɗaya, to hayar shagunan za ta cike abin da hayar tsofaffin ta gaza. Abin da Sashe na 202 ke yi da kuɗin gwamnati, wakafi ya daɗe yana yin irinsa da dukiyar masu neman lada. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka, don haka ana buƙatar filin hukuma da jarin mai hali da ƙwarewar magini su haɗu.

A 2025 Ma'aikatar Gidaje ta bayyana shirin gina gidaje 100 a kowace ƙaramar hukuma daga cikin 774, jimilla 77,400, inda ta ce za a sayar da kashi 80 cikin 100 ga masu ƙaramin ƙarfi su riƙa biyan sulusin samunsu, a ba da ragowar kyauta ga marasa galihu. Shirin ya kusanci tsarin biya daidai da samu. Amma Babban Birnin Tarayya ƙananan hukumomi shida ke gare shi, rabonsa gidaje 600 ke nan, kuma gidan da aka mallaka wa mutum yakan koma gado, sa'ilin da na haya zai amfani tsoho bayan tsoho.

Matsalolin da ke gaba

Matsala ta farko ita ce gane ainihin abin da mutum ke samu. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2023 sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya ba su da albashi rubutacce. 'Yan fansho su ne suka fi sauƙin tantancewa, domin hukumar PTAD da kamfanonin fansho da hukumar fanshon soja suna da sunayensu, kuma za a iya cire kuɗin haya tun daga tushe. Ga wanda ba shi da fansho kuwa, sai an haɗa gidan da wani tallafi na wata-wata, kamar yadda Jihar Jigawa ta soma biyan nakasassu Naira 7,000 a wata a 2007, Jihar Ekiti kuma ta soma biyan masu shekara 65 zuwa sama Naira 5,000 a 2011.

Ta biyu ita ce fasalin gini da wurinsa. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya na 2011 ya ƙiyasta cewa idan aka tsara sabon gini tun daga zane yadda nakasasshe zai iya amfani da shi, ƙarin kuɗin bai wuce kimanin kashi 1 cikin 100 ba. Ƙofa mai faɗi, da gangara a madadin matakala, da maƙewayi mai abin dafawa, ba su da tsada idan an sa su tun farko; fasa gini a gyara daga baya ne ke cin kuɗi. A garin da wutar lantarki ba ta da tabbas, ba hikima ba ne a ɗora tsoho a bene a dogara da na'urar hawa. Dole ne kuma gidajen su kasance kusa da asibiti da kasuwa da wurin ibada da abin hawa. Yankunan Kubwa da Gwagwalada suna da manyan asibitoci, kuma jirgin ƙasan cikin birni da aka sake buɗewa a watan Mayun 2024 yana da tashoshi a Kagini da Gbazango.

Ta uku ita ce rabo. Idan aka bar jerin sunaye a aljihun jami'ai, gidajen za su faɗa hannun 'yan uwa da abokai, su kuma su zuba 'yan haya a farashin kasuwa. Maganin wannan shi ne a bayyana sharuɗɗa da jerin masu jira a fili, a sa ƙungiyoyin 'yan fansho da na nakasassu cikin masu sa ido, a kuma tuna da dattawan Gbagyi da Koro da Gade da Gwandara da sauran 'yan asalin yankin da aka tayar daga garuruwansu.

Akwai masu ganin cewa wannan tsari baƙo ne ga al'adarmu, domin a ƙasar Hausa abin kunya ne a ce mutum yana da 'ya'ya amma ya ƙare a gidan gajiyayyu. Maganarsu tana da tushe. Sai dai gidan da ake magana a kai na haya ne, mutum da makullinsa da matarsa da jikan da ke yi masa aike. Babban gida mai zaure da sassa, inda tsoho ke da turakarsa har ƙarshen rayuwa, ba shi da gurbi a taswirar Abuja, kuma ɗan da ke zaune a ciki da falo a Mararaba da 'ya'ya huɗu ba shi da inda zai ajiye iyayensa. Komawa gida ma ba kowa ke iyawa ba. Wanda ya shekara 35 a Abuja, a nan 'ya'yansa da likitansa da abokan zamansa suke, wasu kuma rashin tsaro ya tashi ƙauyukansu. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Kowace shekara wani sabon rukunin ma'aikata zai ajiye aiki a Sakatariyar Tarayya, kuma waɗanda aka ɗauka bayan sayar da gidajen gwamnati a 2005 suna nan tafe. Filin yana hannun Minista, dokar da ta ce a fara duba nakasassu tana nan tun 2019, magina da masu siminti kuma a shirye suke duk ranar da aka ba da kwangila. Abin da ya rage shi ne a sami hukuma ko attajiri ko ƙungiyar da za ta fara da rukuni guda, ko da gidaje 50 ne, ta bayyana lissafinta a fili domin sauran masu jari su ga abin da harkar ke ci da abin da take mayarwa.